Rabon Tashi

Tin! Ƙara ɗaya ce siririya, kamar an taɓa kofin tangaran da cokali. Yau a gidaje da yawa ana jin ta, ba mai ko waiwayawa. Ni kuwa har gobe in na ji ta sai in tsinci kaina a ɗakin koyon girki na wata makarantar 'yan mata ta kwana a Wudil, wata ranar Laraba cikin damina, hannuwana duk fulawa. Ranar nan ba ta taɓa barin raina ba. Tun da ku da kuka shigo aikin yanzu kun matsa in ba ku labarin abin da ya fi tsaya mini a koyarwa, to ita zan ba ku.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya yi wa gwamnati yawa. Kusan kowane wata sai babbar mota ta ƙetaro gada ta sauke mana kaya daga Kano, wasu mun roƙa, wasu ba mu taɓa jin sunansu ba. An kawo firiji biyu, an kawo kekunan ɗinki, an kawo injin wanki da ya shekara a cikin kwalinsa don ba famfo a ɗakin. Amma cokulan awo, waɗanda ba su fi a saka a aljihu ba, na rubuta sau uku ba su zo ba.

Ni a lokacin ƙaramar malama ce, ina koyar da girki da kula da gida, kuma ina cikin gwaji. Bari in yi bayani saboda waɗanda ba malamai ba. In aka ɗauke ka aikin gwamnati, ba a nan take kake zama cikakken ma'aikaci ba. Sai ka yi shekara biyu ana lura da kai. Daga nan a turo sufeto daga hedikwata ya zauna a bayan aji, ya duba littafin shirin darasinka, ya kalli yadda kake koyarwa, ya cike fom. In ya gamsu, takardar tabbatarwa ta zo. In bai gamsu ba, a ƙara maka wata shida. In aka sake zuwa bai gamsu ba, sai ka tattara naka ya naka.

Ni an riga an ƙara mini wata shidan. A zuwan farko na ɗora madara a wuta zan nuna kastad, sai ga jerin balbelu sun taso daga wajen kogi, farare tas a ƙarƙashin baƙin hadari. Na tsaya ina cewa yara su duba, har na fara ba su labarin inda balbela take kwana. Ƙaurin madara ne ya dawo da ni. Sufeton ya rubuta cewa na san aikina amma hankalina yana yawo. Bai yi ƙarya ba. Saboda haka wannan zuwa na biyu shi ne na ƙarshe. In na faɗi, sai dai in koma Kausani wurin mahaifiyata, wadda ta gaya wa duk garin cewa 'yarta malama ce.

Saura mako guda a zo, aka sauke mana wani farin akwati mai ƙofar gilas. Maikurowef. Ban taɓa ganin sa ba sai a hoto. Shugabar makarantarmu, Hajiya Turai, mace ce mai son a ga makarantarta a gaba. Ta zagaya akwatin sau biyu, ta shafa shi, ta aika aka kira ni.

"Malama Sakina, da wannan za ki yi darasinki ranar Laraba. Kek za ki gasa."

Na ce, "Ranki ya daɗe, na riga na shirya darasi a kan miyar ganye."

"Miyar ganye! Babbar sufeto kamar Hajiya Yalwa za ta taso tun daga Kano ta kalli miyar ganye? A gidanta babu? Littafin da ya zo da akwatin ya ce minti shida kek ya gasu. Ina so ta koma ta ba da labari."

Ba a musu da shugaba mako guda kafin zuwan sufeto. Na ce to.

Wutar makaranta ta janareta ce, kuma da rana ba a tayar da shi sai da izini. Hajiya ta ba da umarni a kunna mini awa ɗaya kowace safiya. Ranar Alhamis na yi kwaɓina yadda na saba tun a kwaleji: bota da sukari, ƙwai, fulawa, hodar tashi da muke kira bekin hoda. Littafin ya hana sa ƙarfe a ciki, don haka na zuba a wani faffaɗan kwanon gilas, na bar ɗan wuri kaɗan a sama yadda nake yi wa oban, wato murhun gashin da muka saba da shi. Na rufe, na murɗa, na sa ido.

Minti biyu na farko na ji daɗi ƙwarai. Kwaɓin ya motsa, ya kumbura, kamar mai barci yana jan numfashi. Sai ya kai bakin kwano. Sai ya leƙo. Daga nan ya gangaro ta ko'ina, a hankali, ba fushi ba gaggawa, irin yadda kogi yake shiga gonakin bakinsa in ya kawo. Da akwatin ya ce tin, abin da na tarar ba kek ba ne, wani tudu ne mai laushi da ya manne da farantin da ke ƙarƙashin kwanon.

Na ce laifin janareta ne. Ranar Juma'a na sake, ya sake zuba. Na ce fulawar ce ta tsufa, na karɓo sabuwa daga sito. Ranar Litinin ya zuba fiye da na baya. Na zauna a kan benci ina kallon sa, hawaye na ɗiga a kan farin gaban rigata. Littafin na karanta shi daga bango zuwa bango. Ya faɗi minti, ya faɗi awo, amma ya ɗauka kowa yana da irin kwanon da ke hoton, bai ce komai a kan kwanonmu ba.

Na ɗauki farantin na nufi bayan kicin ɗin makaranta, inda famfo yake. A can na tarar da Goggo Dudu, ɗaya daga cikin masu dafa wa ɗalibai abinci, dattijuwa mutuniyar Ɗankaza. Tana zaune a gaban tanda tana suyar wainar malamai. Na durƙusa na gaishe ta.

"Goggo, ina kwana? An tashi lafiya? Ya aiki?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ya gajiya? Ya mutanen Kausani?" Ta leƙa farantin. "Af! Yau ma? Malama, wai akwatin nan naku ciwon ciki yake yi ne? Kwana uku ke nan ina ganin ki da amansa."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta. Goggo ba ta rarrashe ni ba. Ta juya wainarta, ta kwashe, sannan ta miƙo mini ƙaramin cokali da gwangwanin gishiri.

"Auna mini hodar taki in gani. Ɗauka wannan ce."

Na ɗebo. Ta kama hannuna ta ɗaga shi sama tana dubawa.

"Wannan cokali ɗaya ne a wurinki?"

"Ɗaya ne, Goggo."

"Ɗaya da ɗan goyo dai. Dubi tsororuwa! Ke 'yar masu awo ce?"

Na ce mahaifiyata tana sayar da gero a gida, kuma tun ina ƙarama ni nake auna wa masu saye. A gidanmu in ka shafe bakin mudu, sai Inna ta ce ka kori albarka.

"Shi ya sa. Hannun awo gare ki. Mai sayen gero zai so ki, ƙullu kuwa ba zai so ki ba." Ta sa ɗan yatsa ta shafe saman cokalin. Abin da ya zube ya kusa kai wanda ya rage. Na san a kwaleji an koya mana a shafe ake aunawa, na ma rubuta a jarrabawa na ci. Amma kaina ne ya koya, hannuna yana nan a Kausani.

Sai ta ce in matso. Ta ɗebo ƙullu da ludayi ta zuba a gurbin tanda. Ya tsaya a rabi.

"Me kika gani?"

"Ba ki cika ba."

"Rowa na yi?"

Muna kallo ƙullun ya taso, ya yi ƙananan idanu, ya cika gurbin daidai, ya tsaya.

"Rabin nan da na bari ba nawa ba ne, ba na mai ci ba ne. Nasa ne. Rabon tashi ke nan. In kika cinye masa rabonsa, zai fita ya nema a waje."

Na ce, "Amma Goggo, a oban ina kusan cikawa, bai taɓa zuba ba."

"Oban yana yi masa ɓawo, ɓawon ya riƙe shi. Wannan naki ina ɓawonsa?" Ta tsinko ɗan guntu daga farantina ta murza. "Fari fat, kamar wanda ya tashi daga jinya. Wannan ai ɗan'uwan alala ne, tururi ne yake dafa shi. Kin taɓa ganin an yi alala a faranti? Nemi abu mai zurfi, mai miƙaƙƙen gefe, ki tsaya a rabi. In kin kwaɓa kuma kada ki jefa shi ciki nan da nan. Bar shi ya ɗan zauna ya yi gyatsarsa a waje."

Na ce, "Farin nan da yake yi fa?"

"Babu mazarƙwaila a garinku?"

Na tashi da gudu-gudu zan gwada, sai na ji janareta ya yi shiru. Awata ta cika. Washegari Talata kuma aka ce ba wuta sam, don makaniki zai kwance injin ya wanke shi, kada ya ba mu kunya gaban baƙuwa. Ke nan zan shiga darasin da aikina ya rataya a kansa da dabarar da ban taɓa gwadawa ba. Na binciko wani kwanon gilas mai zurfi a cikin kayan da aka kawo tare da firiji. Na aika Sabon Gari aka sayo mazarƙwaila, na daka ta, na tankaɗe. Na sake rubuta shirin darasi. Abin da ya rage sai addu'a.

Laraba da hantsi aka yi yayyafi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta taga. Na ja labulen tagar da kaina. Na san halina.

Hajiya Yalwa ta iso a farar mota. Doguwa ce, da tabarau, ba ta da yawan magana. Muka gaisa, ta tambayi aiki, na tambayi hanya. Ta karɓi littafina ta zauna a bayan aji, Hajiya Turai a gefenta. 'Yan aji uku suna tsaye kewaye da tebur.

Na fara. Da na zo kan hoda, na ɗebo, na ɗaga cokalin kowa ya gani, na shafe shi da bayan wuƙa. Na rage ma kaɗan daga abin da nake sa wa oban. Da na gama kwaɓi na ajiye shi, na yi amfani da mintocin nan na bayyana abin da ya sa ba a sa ƙarfe a akwatin. Sannan na zuba a kwano. Da ya kai rabi na tsaya. Sauran kwaɓin na ture shi gefe.

Na ji kujera ta motsa a baya.

"Malama Sakina," in ji Hajiya Turai, da murmushin da na san ba murmushi ba ne, "ƙarasa mana. Fulawa ba ta ƙare a sito ba."

Na fahimce ta sarai. A wurinmu ba a ajiye wa baƙo rabin kwano. Ko ruwa ne sai an cika moɗa. Gani take na tsaya gaban babbar baƙuwa daga Kano ina nuna makarantarta a matsayin gidan ƙoro. Ga kuma ragowar kwaɓi a fili kowa yana gani. Hajiya Yalwa ta ɗago ido ta saman tabarau, alƙalaminta a tsaye.

In na ƙi, na saɓa wa shugabata a gaban sufeto, kuma ita ma tana da gurbin da za ta cike a fom ɗin. In na bi, na san abin da zai gangaro. Na ce, "Ranki ya daɗe, a yi mini haƙuri. Wurin nan da ya rage akwai mai shi."

"Wane ne mai shi?"

"Kek ɗin, ranki ya daɗe. Rabon tashinsa ne."

Wasu 'yan mata suka ƙunshe dariya. Hajiya Turai ta koma ta jingina. Na sa kwanon, na rufe, na rage ƙarfin wutar daga na ƙoli zuwa na tsakiya, na ƙara minti, na murɗa.

Ban taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Akwatin yana gunji a hankali. Kwaɓin ya yi lamo kamar ba zai motsa ba, har na fara tsoron na rage hoda da yawa. Can sai ya ɗaga. Ya wuce inda yatsana ya yi alama a jikin gilas. Ya ci gaba. 'Yan matan suka matso har numfashinsu yana dusashe ƙofar. A raina ina ta karanto duk addu'ar da na iya, a bakina kuma ina bayani a kan tururi, ban san ma me nake cewa ba. Ya rage yatsa biyu. Ya rage ɗaya da rabi. Ya yi wani ɗan kumburi a tsakiya, ya yi rawa, kamar yana shawara.

Sai ya tsaya.

Ya tsaya cak, yatsa guda ƙasa da baki, ja-ja-ja da shi saboda mazarƙwaila. Tin!

Na fito da shi, na ce a bar shi ya huce minti biyar don cikinsa ya ƙarasa nuna, na soka tsinke ya fito tas. Da na kife shi a faranti ya sauka gaba ɗaya, ƙamshin rake da bota ya cika ɗakin. Yara suka yi tafi ba wanda ya sa su.

Hajiya Yalwa ta taso, ta karɓi yanki, ta tauna a hankali. Ta buɗe littafina ta nuna wani layi.

"Na ga kin rubuta 'rabon tashi' a nan. Na yi shekaru ina duba darasin girki, ban gamu da kalmar ba. A wane littafi kika samo ta?"

Da na ce a kwaleji ne, da ba mai bincikawa. Hajiya Turai tana kallona, kuma na san amsar da take so. Amma ƙarya ba ta taɓa zama daidai a bakina ba, sai ta yi ta karkacewa.

"Ba a littafi ba ne, ranki ya daɗe. Goggo Dudu ce ta koya mini shekaranjiya, a gaban tanda. Mai dafa abincin yara ce."

"A kira mini ita."

Goggo ta shigo tana goge hannu da gefen zani, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta kwashi gaisuwa. Hajiya Yalwa ta sa aka ba ta kujera, ta ƙi zama. Aka miƙa mata yanki. Ta duba shi sama da ƙasa, ta ɗanɗana.

"Yaya kika ji, Goggo?"

"To, ranki ya daɗe, yau dai bai yi amai ba. Ba laifi. Amma Allah ya sani bai kama ƙafar waina ba."

Hajiya Yalwa ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta yi wa Goggo 'yan tambayoyi a kan ƙullu da alala, ta rubuta wani abu, ta rufe fom, ta yi sallama. Ba ta ce mini na ci ba, ba ta ce na faɗi ba. Haka dokar aikin take.

Bayan motar ta fita, Hajiya Turai ta kira ni ofis.

"Na gaya miki ki cika, kin ƙi, wannan na yafe tun da abin ya yi kyau. Amma ki tsaya da takardarki ta kwaleji ki ce mai dafa abinci ce malamarki? In ta rubuta cewa ba ki san aikinki ba, kada ki zo mini da kuka."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji mako bakwai. Duk ranar da masinja ya dawo daga gidan waya sai in sami dalilin wucewa ta gaban ofis. Ran nan ina tsakiyar darasin ɗinki aka ce shugaba tana kira. Ta miƙo mini ambulan mai ruwan ƙasa, ta ce, "Buɗe a nan, ni ma in huta." Layi uku ne. An tabbatar da ni. Na karanta, na sake karantawa, sai na ji kamar an sauke mini tulun da na manta ina ɗauke da shi. Hajiya Turai ta ce, "To, alhamdu lillahi. Je ki, kafin ki jiƙa mini tebur." Ban koma aji ba sai da na biya bayan kicin. Goggo ta rangaɗa guɗa har 'yan aji ɗaya suka leƙo ta taga.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, na yi ta amfani da shi har na bar aji. In za ku gasa kek a akwatin nan, ku nemi mazubi mai zurfi, ku tsaya a rabi, ku shafe cokali, ku bar kwaɓin ya ɗan zauna, kada ku ba shi wuta duka. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne ku san cewa a kowace makaranta akwai wanda ya fi ku sanin abin da kuke koyarwa, kuma sau da yawa ba ya cikin ɗakin malamai. Ku je ku durƙusa ku gaishe shi. In an tambaye ku kuma, ku faɗi sunansa.

Shekaru da yawa bayan haka aka mayar da ni hedikwata, ni ma na zama mai zuwa duba malamai. Wata rana ina neman wata takarda na ci karo da tsohon fayil ɗina, da fom ɗin Hajiya Yalwa a ciki. A kaina layi biyu kawai ta rubuta. Amma a ƙasa, a gurbin shawarwari, ta cika wurin har ta juya baya. Ashe a lokacin Goggo Dudu 'yar aikin yini ce, shekara goma sha tana dafa abinci ba ta cikin ma'aikatan dindindin, ko yaushe ana iya cewa ta zauna a gida. Hajiya Yalwa ce ta nemi a ɗauke ta cikakkiyar ma'aikaciya, mataimakiya a ɗakin koyon girki. Da wannan takarda Goggo ta sami fanshon da ta ci har ƙarshen ranta a Ɗankaza. Ta rasu ba ta sani ba. Ita a wurinta, wainar da take aika wa shugaba duk ranar Juma'a ce ta yi mata aiki.